Katin microSD ko eMMC: wanne za ka sa wa ƙaramar kwamfutarka?

Masu haɗa na'urori da ƙananan kwamfutoci masu allo ɗaya irin su Raspberry Pi ko BeagleBone Black sun ishe ni da tambaya ɗaya: wajen ajiye manhaja da bayanai, katin microSD ko eMMC?

Wajen kuɗi da sauƙi, kati ya yi zarra. Ka saya a shagon waya, ka zuba masa manhaja da Raspberry Pi Imager, ka zura, shi ke nan. In ya lalace ka zare ka sa wani. Sai dai jabu sun cika kasuwa, kuma ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu kan lalata bayanansa. Mu nan kuwa, ai wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Ita eMMC, wato 'yar ma'ajiyar bayanai, a liƙe take jikin allon kwamfutar, girgiza ba ta kwance ta, kuma ta fi juriya. BeagleBone Black na zuwa da gigabait 4, Compute Module 4 (wani nau'in Raspberry Pi) kuma da 8, 16 ko 32. Wahalarta a saiti take: a Compute Module sai ka jona wayar USB, ka tayar da manhajar rpiboot kafin babbar kwamfutarka ta gan ta. In ta mutu, canza ta aikin gwani ne.

Ɗalibi mai gwaje-gwaje, kati ya ishe shi. Wanda zai kafa na'ura a gona ko cikin mota ya bar ta shekaru, eMMC ta fi dacewa da shi.