Makaniks da zafi: wanne zai fi cin lokacinka a fiziks na shekarar farko?

Ƙanina, ka ce kwas ɗin fiziks da za ku fara a jami'a ya kasu biyu, makaniks da zafi, kana son sanin wanne ya fi wuya don ka san inda za ka fi ba da ƙarfi. A ganina makaniks ne. Sai dai kowanne da irin tasa wuyar, kuma gara ka gane bambancin tun ba a shiga aji ba.

Makaniks ilimin motsi ne: me ke sa abu ya tashi, ya tsaya ko ya karkata. Dokokinsa kaɗan ne. Ginshiƙinsu ukun nan ne da Isaac Newton ya wallafa a 1687, kuma a yini ɗaya za ka haddace su. Wajen aiki da su ake yin gumi. Za a ce ga akwati a kan gangara mai kusurwar digiri 30, a nemi yadda zai gangaro. Babu wanda zai nuna maka dokar da za ka ɗauko. Kai ne za ka zana akwatin, ka sa kibiya ga duk ƙarfin da ke taɓa shi: jan ƙasa, turin gangarar, da gogayya. Sannan ka raba nauyin gida biyu, mai bin gangarar da mai danna ta, ka gano cewa rabinsa ne kacal ke jan akwatin bin gangarar. Wanda ya tsallake zanen nan ya ruga wajen lissafi, sau da yawa a nan yake ɓata.

Ga kuma abin da ya fi damun ɗalibai: makaniks yakan ci karo da abin da ido ya saba gani. Mun taso muna ganin abu na tsayawa da zarar an daina tura shi. Dokar Newton ta farko ta ce ba haka ba ne, abu zai ci gaba da tafiya sai in wani ƙarfi ya tare shi, gogayya ce ke ɓoye mana wannan. Haka babban dutse da ƙarami, in ba don iska ba tare za su faɗo, duk daƙiƙar da ta wuce gudun kowanne na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa. Kafin zuciya ta amince da haka, sai an warware tambayoyi masu yawa da hannu.

Shi kuwa ɓangaren zafi, lissafinsa ya fi sauƙi, yawanci ninkawa ce da rabawa. Kilo ɗaya na ruwa yana cin jul (ma'aunin makamashi) kusan 4,186 kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya, na baƙin ƙarfe kuwa wajen 450. Tarkonsa yana cikin ma'anar kalmomi. Zafin da ke shiga abu daban, abin da ma'auni ke nunawa daban: ƙanƙara kilo ɗaya za ta sha jul kusan 334,000 tana narkewa, ma'auni na tsaye a sifili bai motsa ba. Akwai kuma kuskuren da nake roƙon ka kiyaye. In an ɗumama iskar da ke cikin rufaffen tulu daga digiri 20 zuwa 40, da yawa za su ce matsinta ya ninka. A'a. Sai an koma ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, wato daga 293 zuwa 313, ƙarin bai wuce kashi 7 cikin 100 ba.

Dalilin da ya sa na ce ka fifita makaniks shi ne, a kansa aka ɗora zafi. James Joule, mutumin Ingila, ya nuna haka a shekarun 1840: ya bar nauyi yana saukowa yana juya filafilai a cikin ruwa, ruwan ya ɗan ɗumama. Ashe zafi makamashi ne, ɗan'uwan na motsi. Gwada da kanka: ruwan da ya faɗo daga tsayin mita 100 zai ƙara zafi da kusan digiri 0.23, kuma rabin lissafin nan makaniks ne zalla. In aiki da makamashi ba su zauna maka ba tun farko, dokar zafi ta farko, wadda ta ce makamashi ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama, za ta zame maka hadda kawai.

Abu ɗaya ne zafi ya zo da shi wanda makaniks bai faɗa maka ba, kuma shi ya fi burge ni. Zafi da kansa daga mai zafi yake zuwa mai sanyi, ba ya komawa. Daga nan aka san babu injin da zai mayar da duk zafinsa aiki. Sadi Carnot na Faransa ya fara bin diddigin wannan a 1824. Injin da ke aiki tsakanin Kelbin 600 da 300, komai kyan ƙirarsa, ba zai wuce rabi ba.

Kafin a fara darasi, ka koma kan aljabara da lissafin kusurwoyi, musamman sayin da kosayin, domin tun a makonnin farko za a buƙace su.