Jarrabawar da aka yi wa Inna a Manchesta

Masu tambayata yadda Inna take fama da sanyin Ingila, ga labarin gaba ɗaya. Jego ta zo taya ni, ta kuma iso a lokacin da duhu ke rufewa tun ƙarfe huɗu na yamma. Ba a jima ba na fara ganin abin da ban sani ba a wurinta. Ta ɗora shayi ta manta, ta tambaye ni ko ta yi la'asar, jim kaɗan ta sake tambaya. Wannan fa matar da ta yi shekaru tana uwar adashi ba littafi ba biro, zubin kowa na kanta. Na kira Yaya a Kano, ya ce, "Tsufa ne, a yi ta addu'a."

Ganin likitan unguwa a nan kyauta ne ko ga baƙo, amma kafin ka samu layi sai ka kafa kunne a waya tun takwas na safe. Da muka samu, sai aka turo min tambayoyi tara ta waya, waɗanda suke kira PHQ-9, na auna damuwa a makonni biyu da suka wuce. Ina karantawa ina mayar mata da Hausa.

"Inna, kina jin ba kya sha'awar komai?"

"Alhamdulillahi."

"Barci fa?"

"Alhamdulillahi."

Su kuwa ba su ware gurbin Alhamdulillahi ba, daga sifili zuwa uku kawai za ka zaɓa. Da na kai ta tara, mai tambayar ko ta taɓa jin gara mutuwa, sai ta dafe ƙirji: "A'uzubillahi! Ke 'yar nan, haka suke yi wa manya magana?"

A asibitin aka hana ni tafinta, wai dangi kan taimaka da amsa, aka haɗa ta da wani ta waya. Ma'aikaciyar jinya ta ce ta riƙe wannan adireshi: John Smith, 42 High Street, Bedford. Sannan ta ce ta jero watanni da baya, daga Disamba zuwa Janairu. Inna da ke lissafi da watan Azumi, Ƙaramar Salla da Babbar Salla! Ta yi shiru tana murza carbi, ta sunkuyar da kai kamar ɗalibar da aka tsayar gaban aji. Wallahi raina ya ɓaci. Da cewa aka yi ta jero surori daga Nasi zuwa Amma, da sai sun ce ya isa.

Matar dai ta lura, ta ajiye takardar ta ɗauko kwamfutar hannu. Akwatuna ne a allon, suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, wasu da zane a ciki. In sun rufe sai a nuna maka zane, ka taɓa akwatin da ka gan shi. Ba Turanci, ba karatu. Masana a Jami'ar Kambirij ne suka ƙirƙiro irin wannan gwaji tun shekarun 1980. Da farko Inna tana danna allon da ƙarfi, aka bar ta ta gwada hannu, daga nan ta kama. Cikin kusan minti goma an gama, na'urar ta gwada sakamakonta da na sa'o'inta, ya fito daidai da shekarunta.

Likita ya ce na'ura tantancewa kawai take yi, hukunci nasa ne. Tsakanin mantuwar tsufa da gigin tsufa akwai wani mataki, kuma kusan ɗaya cikin goma na masu shi kan zarce a kowace shekara, wasu su tsaya nan, wasu su warware. Damuwa ma tana kawo mantuwa, haka ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo da raunin ji, don haka ya rubuta gwajin jini. Sai ya tambaye ta da wa take hira da rana. Ta ce, "Ni da jinjiri." Nan ta buɗe baki: ba ta barci, abinci ba ɗanɗano, ƙirjinta a cushe.

A gida Najeriya in tsohuwa ta fara ɓatan hanya tana surutai, sai a ce aljanu, in ba ta da gata a ce mayya. Ba a tunanin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa sai mutum ya tuɓe a titi. Kowane kemis zai auna maka hawan jini, ba mai tambayar tsoho yadda zuciyarsa take. Alhali likitocin Ibadan sun daɗe da fito da gwaji da tsinken ashana huɗu saboda wanda bai taɓa riƙe biro ba, kuma tun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Sai dai ciwon Inna ƙasar nan ce ta ba ta shi. A Kano suna, biki da gaisuwar mutuwa ba sa barin ta zama. Nan maƙwabci sai ranar fitar da shara ka gan shi. Har ma'aikaci suke biya albashi don ya haɗa tsofaffi da abokan hira, aikin da maƙwabciya ke yi kyauta ta kan katanga.

Mun samo mata majalisin mata 'yan Najeriya ranar Asabar, barci ya fara dawowa, amma ta ce a yankar mata tikiti kafin Azumi. Na gaya wa Yaya likita ya ce a sake gwajin bayan wata shida. Ya ce to, amma in ya je yankar kati, me zai ce yana damunta?