Yumɓu ko biraya? Amsa ga ɗan'uwan da ke son fara yin lofe

Ɗan'uwa, tsakanin biyun da ka lissafa, yumɓu da guntun itacen biraya da ake odarsa daga waje, ɗauki yumɓu. Duka biyun sun bi ta hannuna, kuma ɗaya daga ciki har yau in na tuna kuɗin da na zuba masa sai raina ya sosu.

Ni lofen kakana ne ya ja ni cikin wannan harka. Bayan rasuwarsa muka tsince shi a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma. Kansa na yumɓu ne, baƙi wuluk, bai fi ƙwan zabo girma ba, ga dogon kara da hannu ya goge har yana sheƙi. Na yi ta juya shi ina mamakin yadda aka huda shi. Ƙarshe dai na shiga kasuwar Kurmi ta Kano na tambayi masu sayar da tukwane inda ake kawo musu kaya, suka yi mini kwatancen wata dattijuwa maginiya a wani ƙauye bayan gari. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai da ta yi dariya ta ƙoshi. Ta ce, “Kai da girmanka za ka zo wasan ƙasa?” Na ce, “Iya, a dai taimaka.” Ta gutsuro mini curi ɗaya cikin wanda ta kwaɓa, ta ƙi karɓar ko sisi, sai goro da na kai mata daga baya.

A wurinta na gane cewa yumɓu zalla ba ya jure wuta. Sai an daka tsingaro ya yi laushi, an tankaɗe, an cuɗa a ciki. Shi ke hana abu fashewa wajen gashi. Idan ka samo naka yumɓun daga kududdufi, jiƙa shi, tace tsakuwa da ciyayi, bar shi ya kwana biyu a rufe, sannan ka murza shi sosai har iskar da ke ciki ta fita. Kumfan iska yana raunana aiki, amma danshin da bai fita ba shi ke tarwatsa shi a cikin wuta.

Ginin kansa ba wuya. Ka mulmula curi kamar ƙwan kaza, ka danna sanda mai kaurin babban yatsa a tsakiya ta buɗe ramin taba, ka ja gefe ɗaya ya zama wuyan da kara zai shiga. Kada bangon ya yi siriri. Inda aikin yake shi ne huda. Ka shafa wa basilla ko wayar keke ɗan mai, ka tura ta daga wuyan a hankali kana murzawa, har tsininta ya leƙo daidai gindin ramin. In ta fito a sama, taba ba za ta cinye har ƙasa ba. In ta kauce, ai sai ka dunƙule ka sake, ba ka yi asarar komai ba. Nan ne yumɓu ya yi wa itace fintinkau ga ɗan koyo: yana yafe kuskure sau goma a yini ɗaya. Bar wayar a ciki har yumɓun ya fara tauri, kana ɗan juya ta lokaci-lokaci. Kuma ka buɗe bakin wuyan ya ɗan fi karan faɗi, don yumɓu yana tsukewa idan ya bushe.

Zubin farko na yi shi cikin hunturu, na jera su a kan katanga wai su bushe da wuri. Kafin la'asar duk sun tsattsage. Da na kai wa Iya ƙara, ba ta ce komai ba, ta nuna mini nata tukwanen a lungun ɗaki, a inuwa, an lulluɓe su da buhu. Tun daga ranar nake rufe nawa da leda kwana biyu na farko, sannan in bar su a inuwa sati guda ko fiye. Lokacin da suka yi taurin sabulu, sai in goge su da bayan cokali ko tsakuwa mai santsi. Sheƙin da ka ke gani a tsofaffin lofe daga nan yake, ba fenti ba ne. Ranar gashi ta zuba mini su a cikin wata tsohuwar tukunya ta sa a tsakiyar nata kayan. Bakwai na kai, biyar suka fito lafiya. Ta yayyafa musu ruwan makuba tun da zafinsu, suka yi duhu mai kyau. Na ƙwanƙwasa ɗaya da farce na ji ya yi ƙara siririya, wallahi ranar kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Aibin lofen yumɓu biyu ne, ba zan ɓoye maka ba: yana ɗaukar zafi, don haka ta kara ake riƙe shi, kuma in ya faɗi a siminti sai dai ka share. Turawan Ingila da na garin Gauda a Holan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yin lofe da farin yumɓu, da wannan aibin suka zauna.

Biraya kuwa, to, itace ne mai kyau, ban hana shi ba. Kullutun saiwar wani ɗan itace ne da ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Aljeriya. Ana dafa shi sa'o'i a fitar da ruwan jikinsa, a shanya shi wata da watanni, kuma itace ne mai jure wuta. Garin San Kulod na Faransa da shi ya yi suna tun tsakiyar ƙarni na 19. Amma ramin taba mai faɗin milimita 19 ko 20 da hanyar hayaƙi mai milimita 4 dole su haɗu cif a cikin itace mai taurin tsiya, kuma dama ɗaya gare ka. Nawa na huda shi da injin hannu, ya fasa ta gefe. Yana nan a kan tebur ina danne takardu da shi. Ga kuɗin dala, ga na jirgi, ga jira.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka. Akwai masu tallar “biraya na asali” a Facebook da Instagram, hoton na wani ne suka ɗauko, abin da zai iso maka kuma farin katako ne da aka rina. Na gaske yana da nauyi a hannu, kuma jikinsa yana da zane kamar harshen wuta a gefe, da ɗige-ɗige kamar idon tsuntsu a wani gefen. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin ya nuna maka kayan a bidiyo, rabu da shi. Haka in wani a 'yan katako ya ce maka ai kowane itace yana yi, kada ka saurare shi. Katakon gini da yawa an yi masa feshin maganin gara, wani kuma ɗanye ne aka ce maka busasshe. Akwai ma itatuwa masu dafi irin gwaska. Abin da wuta za ta ci a ciki a zuƙa ta baki ba wurin gwaji ba ne. Karan ma ka yi shi da gora siririya, ban da robar biro ko bututun ruwa. Ita kanta tabar, ko a lofe ko a sigari, illarta tana nan. Ni nawa a kanta suke jere, ado ne kawai.

In hannunka yana ƙaiƙayin sassaƙa ne dole, fara da totuwar masara busasshiya. Kada ka raina ta, kamfanin Missouri Meerschaum a Amurka tun 1869 yake sana'ar lofen totuwa. Wuƙa da samfefa sun ishe ka.

Don haka ranar Asabar ka shiga Kurmi, ka sayi basilla a wurin masu kayan dukanci, ka tambayi masu tukwane inda maginansu suke. Ka tafi da goro, kuma ka gina aƙalla shida a zubin farko, don ba duka za su fito daga wuta ba.