Sai da suka rage masa hasken fitila

'Yan uwa na gida, aikin kula da masu buƙata ta musamman nake yi a Manchesta, kuma makon jiya na ga abin da ya hana ni barci. Na raka wani mai shekara 34 asibitin gwamnati a duba ko yana da galahanga, wato autism, larurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a da yadda yake jin ƙara da haske. An haife shi mace, yanzu yana rayuwarsa a matsayin namiji. Ba zan ɓoye muku ba, da aka ba ni aikin sai da gabana ya faɗi, don ba haka aka tarbiyyantar da mu ba.

Muna shiga, ma'aikaciyar ta lura yana runtse ido. Ba ta ce uffan ba, ta tashi ta rage fitila, ta kashe fankar da ke ƙara, sannan ta tambaye shi da wane suna yake so a kira shi. Awa biyu tana sauraronsa: yadda hayaniya ke gigita shi, yadda tun yana yaro ba ya iya kallon ƙwayar idon mutum. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba.

Ashe irinsa suna da yawa. Binciken Jami'ar Kambrij na 2020, da ya duba bayanan mutum sama da 600,000, ya gano cewa masu sauya jinsi da waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata sun fi sauran jama'a yiwuwar samun galahanga ninki uku zuwa shida.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Kyauta ne, amma shekara biyu ya yi yana jiran wannan rana, alhali ƙa'idarsu wata uku ce. Mai gaggawa kuwa sai ya tanadi sama da fam 1,000 ya tafi asibitin kuɗi. Ga tarin takardu, ga waya da na'ura ce ke amsawa.

Amma ina zaune a kujerar nan, ɗan gwaggona kawai nake gani. Shi ma haka yake toshe kunne in an kunna injin markaɗe. Muka ce dolo ne, muka ce aljanu, aka yi ta hayaƙi da rubutun sha, yara suna jifansa a layi manya suna dariya. Yau ya haura talatin, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ji me ke damunsa. A nan Manchesta, in mutum ya faɗi ba mai kawo masa ko kunu, ina kewar zumuncin gida ƙwarai. Gwaggo kuwa har gobe ita ke ba shi abinci a baki in ya ƙi ci. Daren nan na kira ta, na ce a daina kunna rediyo a ɗakinsa.