Agogo, sikeli ko na'urar awon jini: wanne za a fara saya?

Bayan ƙaramar Sallah yayata ta kira ni daga Ƙofar Marusa a Katsina. Ɗanta ya turo mata kuɗi ta sayi abin duba lafiya a gida, ta rasa ko agogon nan mai ƙirga taku za ta saya, ko sikeli, ko na'urar awon jini. Na ce, "Yaya, kada ki taɓa kuɗin nan sai na zo." Kuɗin na abu ɗaya ne, kuma shawarata ga duk mai irin wannan hali ita ce ya fara auna abin da jiki ba ya faɗa da kansa.

Ƙiba ana ganinta a tufafi, gajiya ana jinta a gwiwa. Hawan jini kuwa yakan yi shekaru babu ciwon kai babu jiri, sai ranar da ya kayar da mutum da shanyewar ɓarin jiki ko ya taɓa ƙoda. Shi ya sa na'urar awon jini ce ta farko a wurina, musamman ga wanda ya haura arba'in. Idan awo ya riƙa kaiwa 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, asibiti za a nufa, ba kemis ba.

Iri biyu ne a kasuwa: ta damtse da ta wuyan hannu. Ta wuyan hannu ƙarama ce, tana shiga jaka, amma da hannu ya ɗan sauka ƙasa da ƙirji lambar ta canza. Ta damtse ta fi gaskiya, ita likitoci suke ba da shawara. Abin da mutane ke mantawa shi ne maɗaurin. Yawanci ana haɗowa da mai santimita 22 zuwa 32, kuma idan ya matse mai kaurin hannu sai ya nuna jini ya hau fiye da yadda yake. A auna damtse tun a gida, in ya wuce haka a nemi mai kaiwa 42. A zaɓi mai aiki da batiri, saboda halin wutarmu. Ta kamfanin Omron ta yi suna, kuma duk abin da ya yi suna ba ya rasa jabu, don haka a saya a babban kantin magani, a tafi da ita ranar ganin likita a gwada ta da tasu.

Ranar da muka fara gwada ta Yaya, tana ba ni labarin biki na'urar na matsa hannu, ga goro a kunci. Lambar ta tsorata mu. Washegari da safe ta zauna minti biyar shiru, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu kan tebur daidai da ƙirji, ba goro ba shayi, sai ga awon ya sauka sosai.

Na'urar awon sukari ta zama dole ga mai ciwon, ko wanda yake da shi a dangi. Tsadarta ba a ranar saye take ba, a tsinkayen gwajin take, domin kowane sau ɗaya ake amfani da shi kuma suna da ranar lalacewa. Kafin a biya a tambaya ko ana samun tsinkayenta a Katsina; Accu-Chek ba ta cika wahalar samu ba. A kuma lura da ma'auni: 126 a wata na'urar shi ne 7.0 a wata, kuma a nan likita ke fara zargin ciwon sukari idan kafin karin kumallo aka auna.

Sikeli ba laifi, amma tef ɗin tela ya fi shi arha nesa ba kusa ba, kuma yana nuna kitsen ciki, wanda ya fi haɗari. Ƙugu kada ya kai rabin tsayi: mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.

Agogo shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma na ajiye a ƙarshe. Na taɓa sayen mai arha a wani shago, kwalinsa na cewa yana auna jini da bugun zuciya. Na ɗaura wa matashin kai, ya ba ni lamba. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san akwai dattijon da zai ga irin wannan lamba ya ajiye maganinsa. A ƙirga taku da kimanta barci masu kyau suna da amfani, sai dai girgizar babur na ƙara musu lissafi, kuma wayar aljihunka tana ƙirga taku kyauta. Macen da ke barin waya a ɗaki tana shara da wanki ita ce agogo zai fi yi wa rana. Taku 10,000 da ake ta ambato daga tallar wata na'ura ya fito a Japan a 1965. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako: rabin awa na tafiya da sauri bayan Asuba, kwana biyar, ya cika.

Akwai abin da babu na'urar da ke kamawa, sai littafin 'yan makaranta da biro. Awa nawa aka yi barci, cokali nawa na sukari a shayi, dunƙulen magi nawa a miya, tunda gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. A gefe a rubuta yadda yinin ya kasance: an tashi daga sujada ba dafa ƙasa? An taka zuwa kasuwa ba haki?

Yaya ta sayi ta damtse mai babban maɗauri, canjin ya isa batiri da littafi. Tef ta aro wurin maƙwabciyarta mai ɗinki. Da na leƙa jiya na tarar ta cika shafi uku, har da sabon layi na awon Malam, wanda da farko ya ce shi lafiyarsa lau.