GROMACS a kan laftop ɗina: wata uku ina kallon sabulu yana haɗa kansa

Jama'a tun da na sa bidiyon wasu ƙwayoyi suna dunƙulewa a allon laftop ɗina a sitatus mutane ke ta tambayata wai wane gem ne, to ba gem ba ne, GROMACS ne, manhajar kwaikwayon motsin ƙwayoyin sinadarai da nake aikin mastas ɗina da ita a nan Katsina. Kyauta ce, ko sisi ban biya ba, kuma ba satacciya ba ce irin wadda ake loda mana a shago, masu yin ta da kansu suka sake ta haka. A jami'ar Groningen ta ƙasar Holan aka fara ta a 1991.

Aikina a kan SDS ne, sinadarin nan mai kumfa da ke cikin shamfu da man goge baki. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da jela mai gudun ruwa. Sai ka zuba su barkatai a akwatin ruwa na cikin kwamfuta, ba ka gaya masu komai ba, manhajar lissafin ja da turi tsakaninsu kawai take yi taku bayan taku, can sai ka ga jelolin sun fara neman juna suna cusa kansu ciki kawunan na waje, har su dunƙule kamar curin fura. Shi ne misel, a ruwa na gaske ƙwaya wajen 60 ke cikin dunƙule ɗaya. Wallahi daren da na fara ganin wannan a VMD, manhajar da ake kallon ƙwayoyin da ita, sai da na tashi ƙanena daga barci, ya leƙa ya ce Yaya ai wannan ƙwan kwaɗo ne, ya koma ya kwanta abinsa.

Amma fa akwai wahala, kar wani ya ce ban faɗa ba. Babu wani maɓalli da za ka danna, komai rubutawa ake a baƙin allo, ni sai da na sa Ubuntu (wani tsarin gudanar da kwamfuta irin Windows) tukuna. Sannan kowane taku femtosakan 2 ne (femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan) idan atom-atom kake bi, wato maikrosakan ɗaya tak (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) taku miliyan 500 ke nan, laftop ɗina tokumbo ce ina za ta kai? Malamina ne ya ce in koma Martini, tsarin da ke ɗaure manyan atom kamar huɗu su zama ɗan duwatsu ɗaya, sai takun ya koma femtosakan 20. Nan abu ya fara motsi. Duk da haka a zafin Afrilu fankar ciki kuka take kamar injin markaɗe, sai na ɗora laftop ɗin kan bulo biyu a ɗakin soro na juyo mata fankar sola.

Abin da ya sa na ba ta maki sosai shi ne wuta. Duk minti 15 tana ajiye inda ta tsaya a wani fayil .cpt, so ko an ɗauke wuta batiri ya mutu, ana kawowa ka rubuta mata -cpi ta ɗora daga nan. Sau nawa aka yi min haka a unguwarmu ban ma ƙirga ba, ban taɓa asarar fiye da rubu'in awa ba. Satin farko ne kawai akwatin ya yi ta tarwatsewa, kuma laifina ne, na cunkusa ƙwayoyin kan juna na tsallake matakin sassauta su saboda gaggawa.

In za ka saya mata kwamfuta ka nemi mai katin hoto na Nvidia, kar mai shago ya ruɗe ka da girman ma'ajiyar fayiloli (hard disk). Ni dai kuɗin nake tarawa, sai bayan sallah in Allah ya yarda.