Canon EOS 2000D a daren wasan wuta, abin da na gani da idona

Shekara biyu kenan ina riƙe da Canon EOS 2000D, ta hannu na saye ta tare da gilashinta na 18-55mm wanda ake haɗo ta da shi, kuma asali don hoton suna da walima da kamu na saye ta, ban taɓa kawo wa raina zan ɗaga ta sama in ɗauki tartsatsin wuta ba. To amma yanzu biki ya canza, musamman a Abuja, ana gama dina sai a ce kowa ya fito waje za a harba wuta, ango da amarya su tsaya a gaba, kai kuma mai hoto kowa ya zuba maka ido. Shi yasa nake so in yi bayanin yadda wannan kyamara take a irin wannan aiki, don yara da yawa masu koyon sana'ar suna tambayata wai sai sun tara kuɗin babbar kyamara tukunna. Ni dai amsata a'a ce, wannan ma ta isa, in dai ka san inda zaka taɓa.

Karon farko a Auto na barta, kuma abin da ya fito ya ɓata min rai sosai. Filasha ta ɗago da kanta ta haske ƙeyar mutanen da ke gabana, fokas yana ta kai da komo yana neman abin kamawa a cikin baƙin sama, kafin ya kama wutar ta mutu. Wanda ya fito ma ɗigo-ɗigo ne fari fat babu launi. Wannan kuma kowace kyamara ka bari a Auto haka zata maka, domin ita duhu take gani sai ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, ta buɗe ƙofar haske ta cikin gilashi gaba ɗaya, alhali wutar kanta haske ne mai ƙarfin gaske.

Kyamarar ta fito a 2018, megafiksel 24.1 gare ta, ISO daga 100 zuwa 6400, wuraren fokas 9 kacal, kuma hoto 3 take ɗauka a sakan ɗaya. A takarda duk wannan ba abin burgewa bane, wanda yake ɗaukar ƙwallo ko hawan sallah zai ji ta yi masa nauyin jiki. Amma wasan wuta bai damu da ko ɗaya daga cikin abubuwan da ta gaza a kai ba. Ba ka buƙatar ISO mai yawa, 100 zaka tsaya. Ba ka buƙatar fokas mai sauri, da hannu zaka saita. Ba ka buƙatar ta riƙa harba hoto tatatata, guda ɗaya zaka ɗauka a cikin sakan uku ko huɗu. Abin da kake buƙata guda uku ne, M a kan dayal, wato inda kai kake saita komai da hannu, BULB, da ramin da ake soka wayar rimot, kuma duk tana da su.

BULB ɗin ba shi da gurbinsa a kan dayal na sama, wannan ya ɗan ɓata min lokaci kafin in gano. Sai ka sa ta a M, ka yi ta murza ƙaramin dayal ɗin nan na bayan maɓallin ɗauka zuwa hagu har ka wuce sakan 30, nan zaka ga ta rubuta BULB. Ma'anarsa shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, zata zauna a buɗe muddin yatsanka yana kan maɓalli, ka saki ta rufe. Ita kuma ƙofar haske sai ka danne maɓallin Av na baya sannan ka murza dayal ɗin, tunda dayal ɗaya ne da ita. A cikin duhu da sanyi wannan danne-ka-murza yana da ɗan wahala, gara ka yi ta gwadawa a ɗaki har hannunka ya haddace.

Abin da ya buɗe min ido shi ne fahimtar cewa a hoton wuta kowane saiti aikinsa daban. Ƙofar haske ita ke ƙayyade ƙarfin hasken zaren wutar, shota kuma ita ke ƙayyade tsawon zaren. Dalili kuwa, tartsatsin tafiya yake, baya tsayawa wuri ɗaya ya tara haske, don haka ko ka bar shota sakan 2 ko sakan 6 hasken zaren kusan ɗaya ne, sai dai ya ƙara tsawo kuma wasu wutar su shigo su hau kansa. In ka ga zaren ya fito fari babu ja babu kore, kar ka rage lokaci, matse ƙofar zaka yi daga f/8 zuwa f/11, lambar tana ƙaruwa ƙofar tana ƙanƙancewa. Ni f/11 nake farawa in wutar tana kusa kamar ta wajen biki, f/8 in tana nesa. Lokacin da suka zo ƙarshe suna sakin komai a tare kuwa sai in kai f/16 in rage zuwa sakan ɗaya ko biyu, in ba haka ba sama gaba ɗaya zata zama farin gari. Ban cika wuce f/16 ba don daga nan hoton yakan fara laushi.

Launukan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ja daga sinadarin sitirontiyam yake, kore daga bariyam, rawaya daga sodiyam, shuɗi kuma daga tagulla, kuma shuɗin nan shi ya fi kowanne rauni, fari da ruwan zinare su suka fi ƙona hoto. A f/8 shuɗi yana fitowa da kyau a wannan kyamarar, wallahi har na yi mamakin yadda ta riƙe shi. Ina barin ma'aunin launi a kan hasken rana, mai alamar rana ɗin nan, in ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ake gyarawa daga baya. In ka danna DISP lokacin da kake duba hoton har bayanan ɗauka suka fito, duk inda ya ƙone zai riƙa ƙiftawa, wannan ya taimake ni ƙwarai don ido yana ruɗuwa da sikirin cikin dare, komai sai ya yi maka kyau.

Fokas shi ne inda gilashin 18-55 ɗin yake buƙatar haƙuri. Babu alamar nisa a jikinsa, kuma in ka murza zoben har ƙarshe yakan wuce inda ake so. Yadda nake yi, tun kafin a fara sai in kunna kallon sikirin, in nemi wata fitila mai nisa, ta kan hasumiyar sabis ko ta saman wani bene, in ƙara girmanta sau 10 da maɓallin zum, in murza a hankali har ta zama ɗan ƙaramin ɗigo, sannan in tabbatar makunnin gilashin yana kan MF, wato fokas da hannu. Zoben yana da saurin motsi, hannunka ya goga kaɗan ya tafi, shi yasa nake manna masa ɗan salatif. In ka canza zum kuma sai ka sake fokas. In gilashinka mai IS ne, wato mai rage girgizar hannu, ka kashe shi tunda kyamarar a kan ƙafa uku take.

Maganar ƙafa kuwa, nan ne na yi asara ta gaske. Na fara da wata ƙafa uku mara suna irin ta roba da ake sayarwa masu ɗaukar bidiyo da waya, daren sabuwar shekara muna saman benen wani abokina iskar hunturu tana kaɗawa, duk zaren wutar ya fito a karkace kamar tafiyar tsutsa, hoto sama da hamsin babu na nunawa. Kyamarar ba ta kai rabin kilo ba in babu gilashi, rashin nauyin nan daɗi ne a wuya amma a kan ƙafa mara ƙarfi iska wasa take da ita. Da na samu ƙafa ta ƙarfe mai nauyi na rataya jakata a tsakiyarta shikenan magana ta ƙare. Rimot kuma RS-60E3 ne nata, mai waya, baya cin batir, akwai kuma na kamfanoni daban masu irin bakinsa da suke aiki. In baka da shi ka sa shota a sakan 4 ka yi amfani da jinkirin sakan 2, inda take jira bayan ka danna kafin ta ɗauka, zai yi, sai dai kana harbi ne a kan sa'a. Da rimot kuwa kana jin ƙarar tashinta tum sai ka danna, ta fashe ta baje, zaren ya fara faɗowa ka saki.

Akwai wani saiti a cikin C.Fn, sashen saituna na musamman a menu, na rage yashi-yashin hoto mai dogon lokaci, ka kashe shi. In yana kunne, ka ɗauki sakan 5 sai ta ƙara wasu sakan 5 tana aiki ba zaka iya ɗauka ba, kuma wasan wutar biki duka-duka minti nawa ne. A ISO 100 hoton tsaf yake fitowa ko babu shi.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne sikirin mai juyawa. Nata inci 3 ne a manne, baya ɗagowa baya karkata, ba kuma na taɓawa bane, to kyamara tana kallon sama kai kuma dole ka durƙusa ƙarƙashinta kana leƙe, in wasan ya yi tsawo wuya da gwiwa zasu gaya maka. Batirinta LP-E10 an ce yana kai hoto 500, amma wannan lissafin ɗauka ta ƙaramin idon leƙe ne, in kana barin sikirin a kunne kana BULB ga sanyin Disamba zai sauka da wuri, kuma ba a cajinta ta waya sai an ciro batirin an sa a caja. Biyu nake ɗauka, ɗaya a aljihun ciki inda ɗumi yake.

Sai hazo. Lokacin da aka fi harba wuta a nan shi ne ƙarshen shekara, lokacin ƙura kenan, hayaƙin wutar ya haɗu da hazo sai sama ta koma ruwan ƙasa. Wannan babu saitin da zai gyara shi. Ka duba inda iska take kaɗawa ka tsaya tana bugun bayanka don ta tafi da hayaƙin can gaba, kuma ka shirya tun kafin a fara domin harbin farko-farko su ne masu tsabta, bayan minti biyu hayaƙi ya cika wurin. Kar ka canza gilashi a waje cikin ƙurar nan, don a f/11 da f/16 duk ɗigon da ya hau sensa, farantin cikin kyamara da ke karɓar hoton, yana iya nunawa a inda hayaƙi ya yi haske.

Wata dabara da na ji daɗinta da wannan kyamarar, baƙin kwali. Ka buɗe BULB ka rufe gaban gilashin da kwalin ba tare da ka taɓa shi ba, wuta ta fashe ka janye, ta mutu ka mayar, haka har uku ko huɗu a hoto ɗaya. Amarya ɗaya da na yi wa haka, ita da angon suna tsaye cak na roƙe su kar su motsa, wani yarona ya haska su da filasha ta hannu sau ɗaya daga gefe, hoton shi suka wanke babba suka kafa a falo.

Matsalar da ta rage min ita ce faɗi. 18mm a kan wannan sensa kamar 29mm ne a kyamara mai babban sensa (full frame), in filin wajen bikin ƙarami ne kuma wutar tana tashi kusan saman kanka, ko ka juya kyamarar a tsaye sai kan wutar ya yanke. Yanzu gilashi mai faɗi EF-S 10-18mm nake tara wa kuɗi, ina so in same shi kafin bukukuwan Disamba su kankama.